Baƙon da Ya Zo Sayen Zuma

Kwana uku ke nan ba a ji ƙarar keken ɗinkin Malam Inuwa ba a bakin kasuwar Ƙofa. Yakan buɗe shago, ya zauna, ya zura zare, sai ya tsaya yana kallon allura kamar yau ya fara ganinta. Ran nan ma wuyan rigar wani ya yanka a karkace. Shekara talatin yana ɗinki, bai taɓa yin irin wannan ba.

Maganar auren Safara'u ce ta hana shi sukuni.

Ita kaɗai Allah ya bar masa daga marigayiya Mubaraka. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta, sai dai Uwata. Shekararta ashirin da biyar, ta yi karatun unguwarzoma, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada. Manema biyu suka fito. Na ɗaya Badruddeen, ɗan wani mai hatsi a Kiru, mai mota da gida a bakin kwalta. Na biyu Lurwanu, malamin daji, ɗan wani ƙauye wai shi Tudun Gora, can gindin duwatsun Riruwai, bayan an ratsa dajin Falgore. Sau biyu Lurwanu yana zuwa gaisuwa, sau biyu Malam Inuwa yana sulalewa gona ta ƙofar baya. Ko fuskarsa bai yarda ya gani ba.

Ita kuwa Safara'u, na biyun take so.

Ranar Lahadi da hantsi, yayarsa Dije ta tare shi a tsakar gida. Ita ta riƙe Safara'u tun tana cikin zanen goyo, ita ce kuma ake jin maganarta a gidan.

"Inuwa, mutanen Kiru sun aiko. Ranar Alhamis za su kawo goro. Me zan ce musu?"

"Yaya, a ɗan ƙara mini lokaci."

"Lokacin me? Tun kafin shuka kake cewa lokaci, ga gero har ya fitar da kai. So kake su gaji su tafi, ka miƙa ta ga ɗan daji? An ce mini ƙato ne, gashi buzu-buzu, da bindiga yake kwana. Wanda maƙwabtansa birai ne, wace tarbiyya zai ba 'ya'ya?"

"Gwaggo, wa ya faɗa miki haka?" Safara'u ce daga ƙofar ɗaki.

"Wanda ya faɗa ya faɗa. Da ubanki nake magana."

Safara'u ta tako a hankali, ta durƙusa gaban mahaifinta. Idanunta sun kumbura, da gani ba yau ta fara kukan ba.

"Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Ka ce kada in tafi karatu nesa, na zauna. Yanzu ma ba zan ɗaga maka murya ba. Amma kai ka tambaye ni abin da ke raina, shi ya sa na faɗa. Badruddeen bai yi mini laifin komai ba. Zuciyata ce dai ba ta can."

"Uwata, ni ba na yi wa kowa dole." Ya dube ta. "Amma kin san yadda na rasa mahaifiyarki? Goyon ciki ta tafi ƙauyensu. Tsakiyar marka ce, kamar yanzu. Naƙuda ta zo da gardama, aka ɗauko ta a amalanke, aka tarar rafi ya cika ya batse. Ina wannan ƙetare da mota, tana wancan. Ina jiyo muryar mata, ba halin tsallakewa. Sai da ruwa ya janye aka miƙo mini ke a cikin zanenta. Shi ne kike so in ɗauke ki da hannuna in kai ki bayan rafi, bayan daji, bayan dutse?"

Hawaye suka zubo mata. "Na sani, Baba. Ai saboda haka ne ma nake so in gaya maka cewa..."

"Kada ki gaya mini komai."

Ya miƙe ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba.

Amma a shago zuciyarsa ta ƙi barinsa. A al'adar gidansu ba a korar manemi sai an bincika asalinsa, an ji bakin maƙwabtansa. Kakansa haka ya yi, ubansa haka ya yi. In ya tura wani, duk wanda zai tura ɗan hannun Yaya Dije ne, ya san amsar tun kafin a tafi. Sai ya yanke shawarar zuwa da ƙafarsa, ba a matsayin uban yarinya ba. Ya ji ana cewa zumar duwatsun can ba ta da na biyu. To, mai sayen zuma zai zama. Ya je ya gano aibin da idonsa, ya dawo ya karɓi goron Kiru da natsuwa.

Ranar Talata, ana idar da sallar asuba, ya ce wa Dije zai yi 'yar tafiya. Ta bi shi da kallo daga sabuwar shaddarsa har zuwa takalminsa sau-ciki na Juma'a.

Daga Kwanar Ɗangora ya shiga motar Doguwa. Suna wuce Tudun Wada, gonaki suka fara ƙarewa, itatuwa suka fara matsowa bakin hanya. Da suka shiga Falgore sai hira ta mutu a motar. Doka da maɗaci da kirya sun haɗe kai, ciyawa ta fi mutum tsawo. Malam Inuwa ya ciro carbi. Duk rafin da suka ƙetare sai ya leƙa ya ga jan ruwa yana gudu, ya ce a ransa, ga ɗaya. Kafin ɗan acaɓa ya sauke shi a Tudun Gora, ya ƙirga rafi biyar.

Ƙauyen ɗan ƙarami ne, a lafe a gindin dutse. Dutsen kuwa ya tokare sama, baƙi ƙirin daga ƙasa, kore shar a tsakiya, kansa ya shige cikin gajimare. Sanyi ya ratsa shaddarsa.

Ya nufi teburin wani mai shayi da ya ji ana kira Tasi'u, ya yi sallama.

"Maraba da Alhaji. Daga ina?"

"Daga Arewa. Zuma nake nema, mai kyau."

Tasi'u ya dubi takalminsa, ya danne dariya. "Zuma tana sama, Alhaji, wurin Fulanin kan dutse. Sai ranar kasuwa suke saukowa da ita. Amma ka taki sa'a, ga ɗaya daga cikin malaman dajinmu nan, yanzu zai hau zagaye."

A ƙarshen benci wani saurayi ne zaune, siriri, wankan tarwaɗa, cikin koren kaki da takalmin roba. Yanzu aka ajiye masa shayi da burodi, har ya ɗaga kofi zai kai baki. Yana haɗa ido da baƙon sai ya mayar da kofin. Ya miƙe, ya zame takalmansa, ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, yaro. Tashi, sha shayinka."

"A'a, Baba. Mu tafi kafin hadari ya haɗo."

"Malam, shayin fa?" in ji Tasi'u.

"Bar shi kawai."

Malam Inuwa ya ji daɗi a ransa. Ga yaro mai ladabi, ba bindiga, ba gashi buzu-buzu, sanda ce kawai da adda. Abokin aikin Lurwanu ne, ba shakka, kuma ba wanda ya san aibin mutum kamar abokin aikinsa. A hanya zai tatsi bakinsa.

Suka kama hawa. Da farko gonakin masara ne da tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa. Saurayin yana gaba, amma ba ya bari ya ba shi baya sosai, a karkace yake tafiya, yana sare ƙaya yana ture reshe. Ya karɓi jakar Malam Inuwa ya rataya.

"Wannan dutse naku baƙi ne kamar gawayi," in ji Malam Inuwa yana haki.

"Wasu malaman jami'a da na taɓa rakawa sun ce a zamanin da can, wuta ce ta riƙa tasowa daga ƙasa a nan, ta huce ta zama dutse."

Malam Inuwa ya ja ya tsaya. "Wuta? Kuma kuke zaune a gindinta da iyali?"

"Ta mutu tuntuni, Baba."

"Haka ake cewa da garwashin cikin toka."

Daga nan suka faɗa kurmi. Rana ta ɓace. Gora da baure da kanya sun rufe sama, igiyoyi suna reto, ruwa yana ɗiga daga ganye ko da ba a ruwan. Ƙasa ta yi laushi tana warin ruɓaɓɓen ganye. Wata gada ta yi tsalle ta ƙetare gabansu, Malam Inuwa ya dafe ƙirji. Saurayin ya nuna masa inda mugun dawa ya tone saiwa da safe, da wani ƙarfen tarko da ya zaro daga ƙarƙashin ganye ya karya ya jefa a jaka.

A bakin wata matsirga, inda ruwa yake zubowa fari tas daga kan dutse, Malam Inuwa ya zauna ya kwance ƙunshin gurasa da ƙuli-ƙuli.

"Bismilla, yaro."

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Azumi kake? Yau ai Talata."

"A'a, Baba."

"To ci mana."

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya koma can gefe ya tsuguna yana goge addarsa da ganye. Malam Inuwa ya ci shi kaɗai. Can ya gyara murya.

"A cikin ku malaman daji, na ji akwai wani Lurwanu. Ka san shi?"

"Na san shi."

"Wani aminina ne ya ce in tambaya masa. Wane irin mutum ne? Faɗi tsakaninka da Allah."

Saurayin ya daɗe yana goge addar. "Ba shi da dukiya, Baba. Ɗaki biyu ne gare shi da 'yar gona. Yana da taurin kai, in ya kama mai sare itace ko mai ɗana tarko, ba ya jin roƙo, shi ya sa wasu ba sa gaishe shi. Wani lokaci yakan kwana uku a daji. An taɓa neman a mayar da shi ofis a gari, ya ƙi."

"Ya ƙi? Ashe ba shi da hankali. Salla fa?"

"Yana ƙoƙari."

"Shaye-shaye? Neman mata?"

"Wannan kam Allah ya tsare shi."

Malam Inuwa ya gyaɗa kai. Talaka, mai taurin kai, mai kwanan daji. Ya samu abin da ya zo nema. Sai dai abin mamaki, bai ji sanyin da ya zaci zai ji ba.

Suna gab da fita daga kurmin suka yi kiciɓis da garken gwaggon biri. Sun fi talatin, wasu a kan hanya, wasu a kan duwatsu, iyaye mata da 'ya'ya manne a ciki. Malam Inuwa manomi ne kafin ya zama tela. A gonarsu ta Ƙofa, biri da jifa aka san shi. Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya kai ƙasa.

"Baba, kada ka..."

Dutsen ya riga ya tafi.

Wani ƙaton namiji ya yi haushi kamar kare, ya buɗe baki, haƙora kamar wuƙaƙe, ya taso. Malam Inuwa ya ja da baya. Takalmin Juma'a ya hau gansakuka, ƙafa ta gurɗe, ya faɗi, gefen dutse ya tsarge masa ƙwauri.

Yana kwance ya ga saurayin ya shiga tsakaninsa da dabbar. Bai ɗaga adda ba. Ya kafa sandarsa a ƙasa, ya kawar da ido gefe, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin bijimi. Birin ya tsaya taku huɗu daga gare shi, yana dukan ƙasa da hannu. Aka daɗe a haka. Sannan ya juya a hankali, garken ya bi shi cikin gora.

"Sannu, Baba. Laifina ne, da na gaya maka tun daga ƙasa. A nan ba a jifansu."

Ya wanke ciwon, ya zaro hankici daga aljihun ƙirjinsa ya ɗaure. Idon sawu kuwa har ya fara kumbura.

"Mun fi kusa da sama. Akwai mai ɗori a rugar Fulanin. Ka yi haƙuri, Baba, goya ka zan yi."

"Ni? Da gemuna?"

"Ba mai gani sai Allah."

Haka ya goya shi. Hawan ya miƙe, Malam Inuwa yana jin ƙasusuwan bayan yaron, yana jin numfashinsa yana sarƙewa. Sau biyu gwiwarsa tana lanƙwashewa, ya dafa dutse, ya ce, "Ba komai, Baba," ya ci gaba.

Sai ga su a sama. Itatuwa suka ƙare kamar an yanke da almakashi. Fili ne shimfiɗe, gajeriyar ciyawa da falalen duwatsu, iska mai sanyi tana kaɗawa, gajimare yana wucewa dab da kai. Fararen shanu suna kiwo, wasu burtu biyu suna takawa a tsakaninsu kamar dattawa. Wani tsoho ya fito daga bukka, ya ja ƙafar ya ɗaure da tsinken gora, ya ce targaɗe ne, ba karaya ba. Azahar ta yi. Malam Inuwa ya ce saurayin ya ja su salla tunda shi a zaune zai yi, ya ƙi, sai tsohon ne ya shige gaba.

Bayan an idar, matar tsohon ta kawo ƙwaryar kindirmo da fura, da saƙar zuma a faifai. Malam Inuwa ya sha, ya miƙa wa saurayin ludayi.

"Yanzu kam sai ka sha. Leɓenka ya bushe, hannunka rawa yake."

"Alhamdu lillahi, Baba."

Tsohuwar ta riƙe haɓa, ta yi magana da Hausarta mai karye-karye. "Yau kuma me ya same shi? Wannan da yake shanye mini ƙwarya ya lashe ludayi? Sai ka ce a gaban surukinsa yake zaune."

Ta yi dariyarta ta wuce.

Ludayin ya tsaya a hannun Malam Inuwa. Ya tuna kofin shayin da aka ajiye. Ya tuna takalman da aka zame, da gurasar da aka ƙi. A hankali ya sunkuya ya dubi ƙwaurinsa. Hankicin ruwan toka ne, ragowar shaddar da ya ɗinka wa kansa da babbar salla. Ya juya bakin hankicin da ɗan yatsa. Kalmasa biyu ce, da ɗinkin hannu mai komawa baya, ƙulli a ɓoye a ciki. Mutum ɗaya ya koya wa wannan ɗinki a duniya, tana 'yar shekara tara, a kan tabarmar shagonsa.

"Yaro. Yaya sunanka?"

Saurayin ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Lurwanu, Baba."

Iska ta yi ta kaɗawa. Malam Inuwa ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, sai ta juye ta zama faɗa.

"Tun yaushe ka gane ni?"

"Tun da muka haɗa ido a wurin mai shayi. Ranar da na zo gaisuwa ta biyu, na hango ka kana fita ta baya da fartanya."

"Shi ne ka bar ni ina ta zuba kamar wawa? Na ce maka marar hankali a gaban idonka."

"Ka ce kai mai sayen zuma ne, Baba. Ba ni da bakin da zan ƙaryata ka a gaban mutane. Da ka tambaye ni kuma, na ga hakkinka ne ka ji gaskiya. Duk abin da na faɗa haka yake."

"To tunda gaskiya kake so, tsaya ka ji tawa." Ya nuna ƙasa da hannu. "Rafi biyar na ƙirga kafin in zo garinku. Biyar. Uwar yarinyar nan a bakin rafi ɗaya tak ta cika, ina kallo. Ka goya ni, na gode. Ka tare mini dabba, Allah ya saka. Amma ran da naƙuda ta kama ta cikin marka, ruwa ya cika, kai kana daji kwana uku, wa zai goya ta? Ka ce mini ba abin da zai same ta. Ka rantse."

"Ba zan iya rantsewa ba, Baba." Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. "Yayata ma a bakin rafi na uku ta rasu, shekara huɗu ke nan. Ni na riƙe fitila. In na ce maka ba haɗari, na yi ƙarya. Abin da zan iya, in cikinta ya tsufa, in kawo maka ita Ƙofa da kaina tun kafin ruwa ya sauka. Amma akwai abin da ban sani ba ko ta gaya maka."

Ya matsa bakin falalen dutsen. Gajimare ya yaye, ƙasa ta bayyana, dajin Falgore ya miƙe kore har iyakar gani, rafuka suna ƙyalli a ciki kamar zare. Ya nuna wani ɗan kwano mai walƙiya a gefen Tudun Gora.

"Ka ga wancan ginin? Ɗakin shan magani ne. Shekara uku da gamawa, ba unguwarzomar da ta yarda ta zauna. Ranar da na fara ganin Safara'u, wata mata na kai asibitinsu a kan babur, mun makara, jaririn bai zo da rai ba. Ta tambaye ni daga ina muke, na faɗa mata. Tun a ranar ta rubuta takardar neman a dawo da ita nan. Ko sunana ba ta sani ba a lokacin. Ba ni na jawo ta dutse ba, Baba, ta riga ni. Ta ce mahaifiyarta ba rafi ne ya kashe ta ba, rashin mai karɓar haihuwa a wancan ƙetaren ne. Ta ce ita a wancan ƙetaren take so ta zauna. Takardar tana jakarta an sa hannu, ta ƙi miƙawa sai da izininka."

Malam Inuwa ya tuna Safara'u durƙushe ranar Lahadi tana cewa saboda haka ne ma, shi kuma ya katse ta. Shekara ashirin da biyar yana gudun wancan ƙetaren, ashe 'yar da aka miƙo masa daga can, can take shirin komawa. Ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Lurwanu ya kawar da kai.

Wayar da ke aljihunsa, wadda ta yi shiru tun Falgore, ta ɗauki ƙara. Yaya Dije ce.

"Inuwa, kana ina? Tun safe nake nemanka."

"Ina nan, Yaya."

"Ka ɗauka ban san inda ka nufa ba? Takalmin Juma'a ranar Talata? To na aika wa mutanen Kiru na ce ba sai Alhamis ba. Suna zaure yanzu haka, su shida, da huhun goro. Liman ya zo. Kai kaɗai ake jira ka ce a kwance a raba. Ita kuma 'yar taka ta baro aiki, ta kulle kanta a ɗaki tana ta kuka. Ka ce a kwance kawai, mu fita kunya."

Malam Inuwa ya dubi ɗan kwanon da ke walƙiya a ƙasa. Ya dubi rafukan. Suna nan yadda suke, biyar, ba wanda ya ragu. Gabansa bai daina faɗuwa ba, ya kuma san ba zai daina ba har ya koma ga Allah.

"Yaya, a ba su ruwa, a ba su abinci, a girmama su. Amma kada kowa ya taɓa bakin huhun nan."

"Me ka ce?"

"Kada a kwance. Ni zan je Kiru da kaina in ba su haƙuri. Ki kuma ce wa Uwata ta buɗe ƙofa, maganar da na hana ta ƙarasawa ina so in ji daga bakinta."

"Inuwa, ni za ka tozarta a garin nan? Wallahi in ka yi mini haka, ka dawo ka tarar na kwashe kayana. Ba ni ba..."

Gajimare ya sake rufowa, wayar ta yanke.

Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Abin da ke jiransa a Ƙofa ba ƙarami ba ne, Yaya Dije ba ta rantsuwar banza.

Lurwanu ya miƙe. "Baba, bari in karɓo jakin tsoho, mu sauka kafin..." Bai ƙarasa ba jiri ya kwashe shi, ya dafa sanda, ya koma ya tsuguna.

Malam Inuwa ya tura ƙwaryar furar gabansa, ya haɗa da faifan zumar.

"Sha."

"Baba, ka yi mini afuwa. Ba zan iya ba."

"Na sani. Ni ma shekara biyu uban Mubaraka bai ga loma a bakina ba."

Ya dafa ƙasa, ya ja ɗaurarriyar ƙafarsa da ƙyar, ya jujjuya har ya ba shi baya gaba ɗaya, ya fuskanci shanu.

"Suruki ba ya ci a gaban surukinsa. To ga shi na juya. Ka shanye, ka lashe ludayin, hanya da nisa, kuma kai za ka riƙe mini jaki."

Can, a bayansa, ya ji an ce bismilla, sannan ludayi ya taɓa ƙwarya.

A aljihunsa wayar ta sake ɗaukar ƙara.